Saura Kwana Goma, Ba Na Jin Ƙafafuna

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko amarci ne ya ɗauke min hankali tun kafin a ɗaura. Ba amarci ba ne. Wannan rubutun ma da babban yatsa ɗaya nake yin sa, a hankali, domin sauran sun daina ba ni haɗin kai. Yau zan faɗa muku abin da ko Maami da ta haife ni ba ta sani ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Simbiat, Simbi ake kira na. Shekarata ashirin da bakwai, a Surulere muke zaune ni da Maami da Baami, wato mahaifina, sana'ata kuma ɗaura wa mata gwaggwaro a gidan biki. Shekara uku Maami ta yi tana lissafa min 'ya'yan ƙawayenta da suka yi aure, har Allah ya kawo Akinkunmi. Kunmi mai auna filaye ne, mutum ne da ba ya ɗaga murya ko a cikin cunkoson mota. An sa ranar da danginsa za su zo gaisuwar iyaye, Asabar ta sama.

Asabar da ta wuce ina wani ɗakin taro a Ikeja, ina ɗaura wa uwar amarya ashoke ruwan zuma. Irin mai taurin nan ne da sai ka sa ƙarfi kafin ya lanƙwasu. Na jera ninki tara a goshi, na ja bayan, na ɗauko fil daga bakina na soka. Matar tana kallon madubi tana waya da mai abinci, sai kawai na ga ta sauke wayar.

"Yarinya, jinin wa ne wannan?"

Na duba. Jan ɗigo uku ne a gefen ashoken, wajen kunnenta. Na ce mata ta yi haƙuri ko na soke ta, ta shafa kunne ta ce ita lafiyarta ƙalau. Sai na juya hannuna. Fil ɗin ya shige gefen yatsana na manuniya kusan rabinsa, yana tsaye a ciki kamar an kafa shi a sabulu. Wallahi ban ji komai ba. Na zare shi, nan ma ban ji ba. Na yi dariya na ce mata saba da aiki ne, na lanƙwasa gefen da ya ɓaci na tura shi ciki, ta fita fes. Ni kuwa na shiga banɗaki na kulle, na dinga mintsinin yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Kamar na wani nake mintsini.

Gaskiyar magana, ba ranar abin ya fara ba. Kusan wata biyu ke nan tafin ƙafata yake min kamar tururuwa na yawo a ciki. Na ce tsayuwa ce, mu da muke wuni a tsaye. Daga baya ya koma kamar na sa safa mai kauri, ko a kan tayil mai sanyi ba na jin sanyin. Na ce rashin hutu ne. Na iya yi wa kaina ƙarya sosai.

To ga abin da ban taɓa rubuta muku ba. Ina shan balan-balan.

Tinu ce ta fara miƙo min. Tinuola ƙawata ce tun sakandare, tana sayar da gashin kanti a Lekki. Wata Lahadi da rana ta ja ni wani gidan shaƙatawa a bakin teku, irin waɗanda sai an hau jirgin ruwa ake zuwa. Kiɗa na tashi, ana gasa kifi, kowa da balan-balan a hannu kamar bikin yara. Akwai wata doguwar tukunyar gas a gefe, ana cika su daga bakinta. Na ce ni ba na shan komai, ko giya ban taɓa kai wa baki ba. Tinu ta yi dariya ta ce wannan ai ba ƙwaya ba ce, iska ce, irin wadda likitan haƙori yake ba mutane, ko wari ba ta bari a baki, minti ɗaya ta fita daga jiki. Na karɓi mai ruwan hoda na zuƙa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba tare da na sa wani ya yi sha'awa ba, kuma ba na so. Abin da zan ce kawai, na rabin minti muryar Maami ta ɗauke daga kaina. Babu wanda ya yi aure, babu wanda ya haihu, babu shekara ashirin da bakwai. Da ta sake ni, komai ya dawo, sai na miƙa hannu a ba ni wata.

Daga Lahadi zuwa Lahadi, abin ya koma na sayi ƙaramar tukunya tawa. Nakan dawo daga aiki da yamma, in rufe ɗaki in ce kaina na ciwo. Da farko biyar. Daga baya na daina ƙirgawa. Ranar da aka sa ranar gaisuwa na rantse na bari, na kwana huɗu ban taɓa ba. Sai aka fara rigimar kalar anko, Maami na son shuɗi, dangin Baami na son ja, kowa ni yake kira, na koma.

Washegarin abin da ya faru a Ikeja, Anti Risi ta zo. Yayar Baami ce, kuma a danginmu ko tsintsiya ba a saya don biki sai ta gani. Na ji muryarta daga ƙasa, na yafa mayafi na sauko. Ina isa falo na ga tana kallon ƙafata. Silifas ɗaya ne a ƙafar. Ɗayan yana can a tsakiyar matakala, ya fita ban sani ba.

Na zube gwiwa biyu na gaishe ta kamar yadda aka saba. Ta sa min albarka, ta tambayi mijina da wasa, ta ce in tashi in kawo mata ruwa. Na yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Ba ciwo suke ba, kawai ban san inda suke ba. Na dafa hannun kujera na ja jikina, na miƙe, falon ya karkata, na faɗa kan teburin tsakiya. Farantin alale da Maami ta ajiye mata ya kife a kan leshin ankon da aka baje ana dubawa.

Maami ba ta ko kalli leshin ba, kuma duk wanda ya san ta da sayar da leshi a kasuwar Balogun ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana tambaya ko na ci abinci, ko jiri nake ji. Sai ta rage murya ta tambayi ɗaya abin, na ce mata a'a, ba ciki ba ne. Anti Risi ta gyara zama ta ce ita dama ta san za a yi haka. Yarinya ta daɗe a gida, yanzu miji ya fito, kuma mai hankali, ai dole masu baƙin ciki su motsa. Ta ce ƙafa aka ɗaure don kada in taka gidan miji. Kafin la'asar an kira Alfa, malamin unguwarmu, ya yi addu'a ya bar rubutu a gora, na safe da na yamma, da wanda za a shafa a ƙafa.

Maami da kanta ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafata a cinyarta tana shafawa. Tana shafawa tana ambaton sunayen waɗanda take zargi, har da wata maƙwabciyarmu da ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri. Ina kallon hannunta yana kai da komo a kan ƙafata, ba na jin sa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Na rufe.

Ranar Talata na ce ina da aiki a Yaba, na hau mota zuwa asibitin koyarwa. Tun bakwai na safe nake kan layi, sai wajen sha ɗaya aka tura ni wurin likitar jijiya. Mace ce siririya mai furfura a gaban goshi, Dokta Oyelaran. Ta sa na cire takalmi na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Ta ce in haɗe ƙafafuna in rufe ido. Ina rufewa na tafi luu, ma'aikaciyar jinya ta tare ni. Ta ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu ta buga shi, ta ɗora min a ƙashin wuya, na ji yana zirr. Ta ɗora a idon sawu. Shiru. Ta kama babban yatsan ƙafata ta ce in faɗi sama ta yi da shi ko ƙasa, na yi ta cinta.

Ta sallami ma'aikaciyar, ta ja kujerarta kusa da ni.

"Simbiat, ni ba 'yar sanda ba ce, ba kuma mahaifiyarki ba. Kina shan balan-balan?"

Na ce sau ɗaya na taɓa, a wani biki. Ta ci gaba da kallona. Sai na ji hawaye na ɗiga a bayan hannuna, ko in ce na gan su. Na faɗa mata duka, wata takwas, da tukunyar, da ƙirgar da na daina.

Ba ta yi min wa'azi ba. Ta ɗauko wayar cajin da ke kan teburinta ta nuna min robar da ta lulluɓe ta. Ta ce kowace jijiya a jikin mutum tana da riga irin wannan, kuma akwai wani bitamin, B12, da jiki yake amfani da shi wajen gyara rigar kullum. Iskar nan tana kashe ƙarfin bitamin ɗin. Yana nan a jini, wani lokaci ma a auna a ga adadinsa daidai, amma ya zama hoto, ba ya aiki. Sai rigar ta fara zaizayewa, daga yatsu zuwa sama, har cikin lakar baya. Ta ce ni a wannan watan ce ta huɗu da ta gani, kuma biyu daga ciki a keken guragu aka turo su.

Na tambaye ta ko zan warke. Ta ce da yawa suna samun sauƙi sosai idan sun zo da wuri, wasu kuma wani abu yakan rage musu har abada, kuma ba za ta iya faɗa min yau ko ni wace ce a ciki ba. Za a ɗebi jini, za a ɗauki hoton baya, amma ba za ta jira sakamako ba, yau za a fara min allurar bitamin ɗin, kwana ɗaya a tsallake ɗaya.

"Amma ki saurare ni da kyau. In kika zuƙi ko guda ɗaya, kin zubar da allurar. Kamar ana ɗinki ne ke kina warwarewa ta baya."

Na ce mata saura kwana goma sha ɗaya a zo gaisuwata, zan durƙusa a gaban mutum hamsin, zan yi rawa in shigo. Ta ce watanni ake magana, ba kwanaki ba. Ta hana ni takalmi mai tsini, ta hana ni tuƙi, ta ce in riƙa duba ruwan wanka da gwiwar hannu don zan iya ƙonewa ban sani ba. Ta ce dole wani a gida ya sani, domin akwai ranar da sha'awar za ta taso, kuma ba a son ta same ni ni kaɗai a ɗaki da ƙofa a rufe.

Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta tambaya da wa nake sha. Ta ce ba suna take nema ba, saƙo za ta ba ni. In gaya musu abin da ya fi shi ne su bari. Wanda ya ƙi ji, to kada ya yaudari kansa da haɗiyar ƙwayar bitamin yana ci gaba da zuƙa, ba ta karewa. Kada kowa ya kafa baki a kan tukunyar, sanyinta yana ƙona maƙogwaro. Kada a sha a tsaye, ko a cikin ruwa, ko a mota, ko mutum shi kaɗai. Kuma ranar da yatsa ɗaya ya fara sagewa, ranar za a zo asibiti a faɗi gaskiya, ba a ce taifot ba.

A cikin motar dawowa, ɗuwawuna na zafin allura, na yi wa Tinu saƙon murya na minti shida. Na faɗa mata komai yadda likita ta faɗa. Ta saurara nan take. Sai ga amsa:

"Ke dai kin cika tsoro. Ni kullum ina shan bitamin ɗina, wani ɗan Landan ne ya koya min."

Na rubuta mata cewa likita ta ce wannan ba ya aiki. Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta tsaya. Har muka wuce Ojuelegba ba ta turo komai ba. Sai da na sauka sannan wayar ta yi ƙara.

"Simbi, in mutum yana jin kamar auduga yake takawa, shi ma shi ne?"

Na tsaya a bakin titi, masu babur na zagina, na rubuta mata ta zo ranar Alhamis mu tafi tare. Ta ce za ta duba. Na san Tinu, in ta ce za ta duba, ba ta yanke ba. Da na isa gida na naɗe tukunyata a tsohon zani, na sa a buhu, na miƙa wa masu kwasar shara da hannuna. Ban fi awa biyu ba na fara jin haushin kaina da na yar. Ina faɗa muku wannan don kada ku ɗauka na zama waliyyiya daga zuwa asibiti sau ɗaya.

Saura Kunmi.

Kwana uku ke nan ina kauce masa. Ya kira in ce ina aiki, ya turo saƙo in mayar da hoton zuciya. Shi ma na lura saƙonninsa sun gajarce, amma na ɗauka gajiyar shiri ce. Yau Laraba da la'asar sai ga shi ba sanarwa. Maami tana kasuwa, Baami yana masallaci. Na sa doguwar rigar adire, rinin Yarbawa mai ruwan bula, wadda take rufe ƙafa har ƙasa, na sauko ina riƙe da ƙarfen matakala da hannu biyu, na zauna a baranda kafin ya shigo don kada ya ga tafiyata.

Ya zo da farar riga mai gajeren hannu, takalminsa duk jar ƙasa, daga fili yake. A hannunsa akwai kwali. Ya ce yayarsa ce ta aiko daga waje, na ranar gaisuwa ne, in gwada a gani ko ya yi. Na buɗe. Takalmi ne ruwan gwal, tsininsa ya kai tsawon yatsana, da 'yan duwatsu a kan igiyar. A da, da na yi ihu na rungume kwalin.

Ya durƙusa zai sa min da kansa. Ya kama ƙafata ta dama, ya ɗago kai yana wani abu kamar murmushi, ya ce yau ba na jin cakulkuli ke nan. Ashe tun ɗazu yake sosa min tafin ƙafa.

Na ce masa ya tashi ya zauna, ina da magana.

Ban san ta inda na fara ba. Na san dai na faɗi bakin teku, na faɗi wata takwas, na faɗi ranakun da na ce masa kaina na ciwo. Na faɗi fil ɗin, da likita, da keken guragu. Na ce masa ban sani ba ko zan koma yadda nake, ko zan iya ci gaba da sana'ata. Na ce in yana so a ɗaga ranar, ko a fasa, ba zan ga laifinsa ba, zan ce wa mutane ni ce na ce ba na yi. Duk wannan maganar idona a kan kwalin takalmin yake, ban iya kallon Kunmi ba.

Mai sayar da burodi ta wuce tana kira, janareton maƙwabta ya tashi. Sai ya tambaye ni yaushe ne allura ta gaba. Na ce gobe da safe. Ya ce zai zo ƙarfe shida da rabi ya kai ni, kuma in Tinu za ta je a biya a ɗauke ta. Ya tambaya ko akwai saura a ɗakina, na ce babu. Ya ce in kalle shi in sake faɗa. Na kalle shi na sake faɗa.

Sai ya ciro wayarsa, ya juya ta a hannu sau biyu, bai buɗe ba.

"Simbi, tun Lahadi na sani."

Na ce kamar yaya.

Ya ce ranar Lahadi da rana wata lamba da ba a sani ba ta tura wa mahaifiyarsa bidiyo. Daƙiƙa ashirin ne. Ni ce a ciki, a bakin teku, da gajeren wando, balan-balan a bakina, ina dariya idona a juye. Ita ta kira shi ta nuna masa. Ya ce kwana uku ke nan ba ya barci, yana jira ya ga ko zan faɗa da bakina, kuma da na karɓi takalmin nan na yi godiya na yi shiru, bai san abin da zai yi ba.

Mahaifiyar Kunmi shekara talatin ta yi tana shugabar makarantar 'yan mata. Sau biyu na taɓa zama da ita, duka biyun sai da ta gyara min zaman mayafi.

Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ba ta ce komai a kan aure ba, ko a yi ko a bari. Ba ta gaya wa mahaifinsa ba, ba ta kira Maami ba tukuna. Cewa ta yi ya kawo mata ni gobe Alhamis bayan la'asar, shi ya tsaya a mota, ni kaɗai take son gani.

"Ta san maganar ƙafar?" na tambaya.

"Bidiyon kawai ta sani. Sauran ke za ki faɗa, ko ki ƙi faɗa. Ni ba zan riga ki ba."

Ya mayar da takalmin cikin kwali ya rufe, ya ajiye a gefen kujerata. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa kamar akwai abin da ya manta, sai ya ce in tuna mahaifiyarsa a hawa na uku take a gidansu na Ebute Metta, kuma ta saba tsayawa a saman matakala ta kalli baƙonta tun daga ƙasa har ya iso.

Yanzu ina zaune a bakin gado. Na ji ƙarar ƙofar gida, Maami ta dawo, tana kiran sunana tana tambaya ko na sha rubutun yamma. Na ɗora ƙafafuna biyu a ƙasa ina kallonsu, ina roƙonsu su kai ni hawa na uku gobe. Abin da zan faɗa in na isa, shi ne har yanzu ban sani ba.